NANA ASMA'U 'YAR SHEHU, UWAR GARI

Mu mutanen ƙasar Daura ba baƙi ba ne ga labarin mata masu jan ragamar jama'a. Duk yaron da ya tashi a Sandamu, ko Zango, ko Ɓaure, ko Mai'aduwa, tun kafin a sa shi makaranta ya ji labarin Daurama da rijiyar Kusugu, ya kuma ji cewa sarauniyoyi ne suka riƙe Daura kafin zuwan Bayajida. To, amma zamanin waɗannan sarauniyoyi ya yi nisa ƙwarai, abin da ya iso gare mu bai wuce sunayensu da ɗan abin da kakanni ke faɗa da baki ba. Saboda haka a wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wata mace wadda labarinta ya ke a rubuce, har ma ita kanta ta rubuta da yawa daga cikinsa da hannunta. Ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta haura shekara 70 a duniya tana renon 'ya'yanta da 'ya'yan jama'a, har mutanen Sakkwato suka riƙa kiranta Uwar Gari.

ASALINTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a wani ƙaramin gari mai suna Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, arewa da inda birnin Sakkwato ya ke a yanzu. A lokacin kuwa ba a gina birnin ba tukuna. Sunan mahaifiyarta Maimuna, ita kuwa 'yar'uwar Shehu ce ta dangi. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa ga al'ada da Usaina za a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata Asma'u, watau sunan 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, wadda ta riƙa kai wa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) da mahaifinta abinci a kogo lokacin Hijira.

Asma'u tana ƙarama ƙwarai Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Sai riƙonta ya koma hannun sauran matan Shehu, musamman A'isha da Hauwa. Ita Hauwa ɗin ita ce mahaifiyar Muhammadu Bello, wanda ya girmi Asma'u da kimanin shekara 12, suka kuma shaƙu da juna har ƙarshen ransa. Ke nan tun tana jaririya ta ɗanɗana maraici, ta kuma ga yadda mace kan riƙe ɗan da ba ita ta haifa ba da zuciya ɗaya. Mai karatu zai ga amfanin wannan a rayuwarta nan gaba.

Gidan da ta tashi gida ne na karatu, maza da mata. Mahaifiyar Shehu, Hauwa, da kakarsa Ruƙayya an san su da ilmi. Yayar Asma'u mai suna Hadiza ita ma malama ce babba. A wannan gida Asma'u ta fara da allo kamar kowane yaro, ta haddace Alƙur'ani mai girma, sa'an nan ta shiga littattafan tauhidi da fiƙihu da nahawu da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu, watau Fulatanci, da Hausa, da Larabci, da Buzanci. Karatun nan kuwa bai ɗauke mata aikin gida ba, domin gidan Shehu ba gidan dukiya ba ne, an ma ce shi kansa igiya ya ke tufkawa don neman abin masarufi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa haka kowane gida ya ke a wancan zamani. Yawancin mata a ƙasar Hausa sun tashi ba su san ko yadda a ke alwala daidai ba. Shehu ya ƙyamaci wannan ƙwarai. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida. Ya nuna cewa neman ilmi wajibi ne a kan mace kamar yadda ya ke a kan namiji. Shi kuwa abin da ya yi wa'azi da shi, da gidansa ya fara.

HIJIRA DA WAHALAR YAƘI

Da jama'ar Shehu ta yi yawa sai sarakunan Gobir suka tsorata. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi sai Shehu shi kaɗai. Da ɗansa Yunfa ya hau gado sai al'amari ya ƙara ɓaci. A watan Fabrairu na shekarar 1804 Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel suka yi hijira zuwa Gudu, aka ɗora littattafansa a kan raƙuma. A lokacin Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba.

Daga nan sai yaƙi. Jama'a sun ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, amma a ƙarshenta aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Bayan yaƙi kuma ga yunwa, ga ciwo. Haka suka yi ta yawo da mata da yara daga wannan sansani zuwa wancan, suka sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga bisani suka isa Gwandu a 1805. Ba a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba sai a 1808. A cikin waɗannan shekaru ne kuma tutocin jihadi suka bazu ko'ina, har ƙasarmu ta Daura, inda Malam Ishaƙu ya zo da tuta.

Littattafan tarihi sukan ba da labarin jarumawan da suka yi yaƙi, amma ba su cika faɗin halin da mata suka shiga ba. Su ne masu jinyar waɗanda aka ji wa rauni, su ne masu neman abin da za a sa a tukunya ran da babu, su ne kuma a kan bari da marayu. Asma'u ta ga duk wannan da idonta tun tana budurwa. Ba abin mamaki ba ne da ta girma ta zama mai tausayin gwauraye da marayu da duk wanda yaƙi ya raba da gidansu.

AURE DA 'YA'YA

A wajajen 1807, ana tsakiyar yaƙi, aka aurar da Asma'u ga Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Muhammadu Bello. Shi ma malami ne, marubuci. Bayan Bello ya gina Sakkwato a 1809 suka zauna a can. Shehu ya zauna Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. A cikin wannan shekara kuma tagwayenta Hassan ya bi bayan mahaifinsu. Asma'u tana da shekara 24 ta rasa uba da ɗan'uwan da suka kwanta ciki ɗaya.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi sai ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Aikin Waziri kuwa ba na zama wuri ɗaya ba ne. Shi ne mai kai saƙon Sarkin Musulmi ga sarakunan gabas, shi ne mai sasanta rigingimu, shi ne mai saukar da manyan baƙi. Baturen nan ɗan ƙasar Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya sake komowa a 1826, a hannun Giɗaɗo aka sa shi. Saboda haka gidan Waziri bai rabu da baƙi da almajirai da masu neman taimako ba, mai gida kuwa sau da yawa yana kan hanya ko yana fagen fama. Nauyin wannan babban gida a kan Asma'u ya ke.

Allah ya ba ta 'ya'ya maza shida, ɗaya ya rasu yana jariri, biyar suka rayu, watau Abdulƙadir, da Ahmadu, da Usmanu, da Abdullahi Bayero, da Muhammadu Laima. Idan ana son a san irin tarbiyyar da uwa ta bayar, sai a dubi 'ya'yanta, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abdulƙadir ya tashi malami masanin Larabci, ya gaji mahaifinsa a wazirci zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya hau a 1842. Abdullahi Bayero shi ma ya yi wazirci daga baya. Jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ɗan Buhari kuwa shi ne shahararren malamin nan Waziri Junaidu, wanda ya riƙe sarautar daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Wannan zuriya duka daga ɗakin mace ɗaya ta fito.

ALƘALAMINTA

Bayan rasuwar Shehu, Asma'u na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucensa da tsara su don kada su salwanta. Aiki ne mai wuya, domin a lokacin ba injin buga littafi, kowane littafi da hannu a ke kwafarsa, takardun kuma ba a ɗinke su ke ba. Wanda bai san abin da ke cikin littattafan ba, ba zai iya haɗa warƙar da ta ɓace da 'yan'uwanta ba. A wajajen 1820 ta fara nata rubutu, kuma ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta. Abin da ya iso ga mutanen yanzu daga ayyukanta ya kai kimanin 60, yawancinsu waƙoƙi, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin lura a nan shi ne yadda ta ke zaɓen harshe. In da malamai za ta yi magana, sai ta yi da Larabci. Ta yi musayar wasiƙu da manyan malamai, har da wani malami da ya fito daga ƙasar Shingiɗi, cikin Muritaniya ta yanzu. In da danginta Fulani ne, sai ta yi da Fulatanci. In kuwa talakawa ta ke son saƙo ya kai wa, sai ta yi da Hausa mai sauƙi, ta sa shi cikin waƙa don a iya haddacewa. Ta san cewa macen ƙauye ba ta da littafi, ba ta kuma iya karanta shi ko da ta samu, amma tana iya riƙe waƙa tana rerawa tana daka ko tana kaɗi.

Ga misali, ta tsara wata gajeruwar waƙa mai baiti 30 wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114 gaba ɗaya, ta yi ta da Fulatanci, daga baya ta yi ta da Hausa da Larabci. A 1831 ta juya waƙar mahaifinta mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙar gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu. Sa ta cikin Hausa na nufin talaka ma ya ji haƙƙinsa da kunnensa, ya san abin da shari'a ta hana shugaba ya yi masa. Wannan ba ƙaramar jarunta ba ce ga macen da yayanta ne Sarkin Musulmi, mijinta kuma Waziri.

Haka kuma a 1836 Bello ya rubuta littafi a kan mata salihai na tarihin Musulunci, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, shekara ta kewayo ta yi da Hausa. Ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nana Nafisa ta Masar. Da ta gama da waɗannan sai ta ƙara da matan da ta sani a ƙasarta, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu, malaman Alƙur'ani. Da wannan ta nuna wa mata cewa salihanci da ilmi ba su ƙare a ƙasar Larabawa ba, ga masu su nan a maƙwabta.

'YAN TARU

Babban aikin da ya sa a ke tunawa da Nana Asma'u shi ne ƙungiyar 'Yan Taru. Kafin mu gane dalilin kafa ta, sai mun dubi halin da ƙasa ta ke ciki. Yaƙe-yaƙe sun tara mutane iri iri a Sakkwato da Wurno da garuruwan ribaɗi, cikinsu har da mata da yawa da aka kamo aka mayar bayi da ƙwaraƙwarai, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan mata an raba su da garuruwansu da danginsu, ba su san addini sosai ba, in ciwo ko baƙin ciki ya same su sai su koma ga bori, domin shi suka gada. A ƙauyuka ma haka abin ya ke. Kuma waɗannan mata su ne za su reni 'ya'yan da za su tashi gobe. Asma'u ta gane cewa doka da bulala ba su raba mutum da abin da ya saba, sai an ba shi wani abin da ya fi shi.

To, amma yaya za a yi ilmi ya kai ga matar aure da ke ƙauye mai nisa, ga miji, ga goyo, ga aikin gida? Dabarar da ta yi ita ce, daga kowane yanki sai ta zaɓi wata dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta shugaba, ta kira ta jaji. Jaji kuwa a asali shi ne mai shiga gaban ayarin fatake. Ta kan ba kowace jaji malfa da jan rawani, alamar izni. Malfar nan tana da tarihi, domin a Gobir Inna ce ke sa ta, watau babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori. Da mata suka ga malfa a kan jaji sai suka gane cewa wannan shugaba ce, amma yanzu shugabar karatu.

Idan kaka ta yi, an gama aikin gona, hanya ta bushe, sai jaji ta tara tsofaffin mata waɗanda suka daina haihuwa da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su kama hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Waɗansu sai sun kwana a hanya. In sun iso ta kan sauke su, ta ji matsalolinsu, ta koya musu tsarki da salla da azumi da haƙƙin aure da na maƙwabtaka da tarihin Annabi, yawanci ta hanyar waƙoƙin da ta tsara. In sun haddace sai su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan auren da ba su sami zuwa ba. Ta haka karatun da aka yi a ɗaki ɗaya a Sakkwato ya kan isa ƙauyuka masu yawa.

Matan nan sukan zo mata da sadaka, kamar zuma da man shanu da hatsi da zane. Ba ta tara wannan don kanta ba, ta kan raba wa mabukata da naƙasassu. Kuma aikin 'Yan Taru bai tsaya ga karatu ba. An hore su da jinyar marasa lafiya, da karɓar haihuwa, da wankan gawar mata, da sharar masallaci, da sasanta mata in sun sami saɓani. Ba a biyan kowa ko wuri ɗaya, don Allah su ke yi.

Wani abin da ke nuna halinta shi ne mutanen da ta yi wa waƙar ta'aziyya. Ta yi wa manya, kamar baffanta Abdullahin Gwandu da yayanta Bello da mijinta Giɗaɗo. Amma kuma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, macen da ba ta da wata sarauta sai kirki da zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda aka sani da taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa da koyar da waɗanda ba su sani ba. Ta yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana kawo mata ɗalibai har ta tsufa. Ba domin alƙalamin Asma'u ba, da yau ba wanda ya san an taɓa yin waɗannan bayin Allah.

TSUFA DA RASUWA

Tsawon rai yana tafe da nasa nauyi, domin mai shi shi ke binne na kusa da shi. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Giɗaɗo, wanda suka zauna tare fiye da shekara 40, ya rasu a wajajen 1850. Aminiyarta A'isha, matar Bello, ita ma ta riga ta. Babban ɗanta Waziri Abdulƙadir ya rasu a wajajen 1859, tana da rai. Duk da haka ba ta naɗe tabarmar karatu ba. Da aka yi fari a 1857 ta tsara waƙar roƙon ruwa da Hausa don jama'a su riƙa yi, kuma har bayan 1860 tana rubuta waƙoƙin wa'azi a kan tashin ƙiyama da sanin Allah. Ta ga zamanin shugabanni biyar, watau Shehu, da Bello, da Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku, kuma a kan nemi shawararta a kan manyan al'amura.

Allah ya karɓi ranta a shekarar 1864, tana da shekara 71. Aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanenta Isa ya yi mata waƙar ta'aziyya, shi ne kuma ya juya waɗansu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, har da wadda ta ba da tarihin hijira da jihadi, wadda a ke kira Waƙar Gewaye.

ABIN DA TA BARI

Ana gane ingancin gini in mai shi ya kau. Bayan rasuwar Asma'u 'Yan Taru ba su watse ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta komo gida bayan rasuwarsa, ita ta karɓi ragamar, bayanta kuma 'yarta Tamodi ta ci gaba. Turawa sun zo sun yi mulkinsu sun tafi a 1960, mata ba su fasa zuwa ɗaukar karatu bisa wannan tsari ba.

Rubuce-rubucenta kuwa zuriyarta ce ta adana su cikin gafaka a gidan Waziri. Waziri Junaidu ya buɗe su ga wata Baturiya malamar makaranta mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aiki a Sakkwato. Ita ce ta rubuta tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sa'an nan a 1997 ita da wata malamar jami'a 'yar Amurka mai suna Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta tare da fassara. Daga nan sunanta ya shiga jami'o'in duniya, har waɗansu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiyoyin karatu suka sa musu suna 'Yan Taru. A nan gida kuwa makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu yawa suna ɗauke da sunanta, ƙungiyoyin mata Musulmi kuma suna ɗaukarta uwa abin koyi.

DARASI GARE MU

'Yan'uwana ɗalibai, ban kawo wannan tarihi don mu yi ta yabo mu tashi ba. Har yanzu a ƙauyukanmu akwai iyayen da ke ganin karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, a kan cire yarinya daga aji a ɗora mata tallan goro ko na fura, ko a yi mata aure a ce karatu ya ƙare ke nan. In ka tambayi dalili sai a ce maka ai mace 'yar ɗaki ce, ilmi zai hana ta zaman aure. Rayuwar Nana Asma'u ta isa amsa. An yi mata aure tana da kimanin shekara 14, ta haifi 'ya'ya shida, ta riƙe gidan Waziri, ta zauna da mijinta har mutuwa ta raba, kuma mafi yawan karatunta da dukan rubutunta bayan an yi mata aure ta yi su. Mahaifinta ne ya ɗora ta a hanya, mijinta da yayanta suka ƙarfafa mata gwiwa. Wanda duk ya ce addini ne ya sa ya hana 'yarsa karatu, sai ya faɗa mana ko ya fi Shehu Mujaddadi sanin addini. Wannan magana ta fi shafar mu maza da ke makaranta yanzu, domin gobe mu ne iyaye, mu ne mazaje.

Ku kuma 'yan'uwa mata da Allah ya ba ku damar zuwa makaranta, ku tuna da dabarar jaji. Matan da suka je wurin Asma'u ba don kansu kaɗai suka je ba, sun je ne a madadin waɗanda ba su sami zuwa ba. Kowace ɗaya daga cikinku tana da ƙanne da maƙwabta da matan yayye waɗanda ba su iya karanta ko takardar asibiti ba. In an yi hutu, sa'a ɗaya da yamma ta isa a koya wa mutum biyu ko uku baƙaƙe da lissafi da tsabtar ruwan sha.

Daga ƙarshe, a kowace unguwa ta Sandamu da kewayenta akwai irin su Zaharatu da Halima. Akwai tsohuwar da a ke bugun ƙofarta da tsakar dare in naƙuda ta tashi, akwai wadda a ke kira in an yi rasuwar mace, akwai mai tara yara tana biya musu allo, akwai mai riƙon marayun da ba ita ta haifa ba. Ba a ba su albashi, ba a kuma buga sunansu a jarida. Asma'u ta ga darajar irin waɗannan mata har ta rubuta sunayensu tare da na sarakuna. Mu da muka iya rubutu yanzu, ya kamata mu je mu gaishe su, mu tambaye su labarinsu, mu rubuta tun suna da rai.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya yi mata rahama, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya ba mu ikon koyi da kyawawan halayensu, amin.